Waiwaye: Yadda Aka Koma Auna Ci Gaba da Rayuwar Mutum

A 1934 masanin tattalin arziki Simon Kuznets ya miƙa wa Majalisar Dokokin Amurka rahoto kan yadda za a ƙididdige kuɗin shigar ƙasa gaba ɗaya. A cikin rahoton ya ja kunne cewa da wuya a gane jin daɗin jama'a daga wannan adadi. Jan kunnen ya bi iska. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara ta zama sikelin ci gaba: in ta hau, gwamnati ta bugi ƙirji, ko da rabin yaran ƙasar ba su san ƙofar makaranta ba.

Cikin waɗanda suka girgiza wannan tunani akwai mutum biyu da suka saba tun suna ɗalibai a Jami'ar Cambridge. Mahbub ul Haq yana cikin masu tsara tattalin arzikin Pakistan a shekarun 1960, lokacin da ake ta yabon bunƙasar ƙasar. A 1968 shi da kansa ya fasa ƙwai, ya ce iyalai 22 ne ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na masana'antun ƙasar. Dukiya ta ƙaru, amma aljihu kaɗan ta shiga.

Abokinsa Amartya Sen kuwa yana yaro ya ga yunwar 1943 a yankin Bengal na Indiya, wadda ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. Binciken da ya yi daga baya ya nuna abinci bai ƙare ba. Farashin shinkafa ne ya yi tashin gwauron zabo, 'yan ƙwadago da masunta suka kasa saye, suka mutu hatsi na jibge a rumbunan wasu. Daga nan ya kafa hujjar cewa talauci rashin iko ne: ikon cin abinci, neman magani, yin karatu, da buɗe baki a faɗi ra'ayi ba tsoro. Ya kuma lura babbar yunwa ba ta aukuwa inda ake zaɓe na gaskiya kuma jaridu ke da 'yanci, domin mai mulkin da ke tsoron ƙuri'a ba ya iya toshe kunne.

A 1990 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton ci gaban ɗan'adam na farko, Haq na jagoranta. Rahoton ya zo da sabon ma'auni da ya haɗa tsawon rai, ilimi da kuɗin shiga a lamba ɗaya. Da fari Sen ya yi jim, yana ganin lamba ɗaya ba za ta ɗauke rayuwa ba. Haq ya nace cewa sai lamba mai sauƙin faɗa ce za ta ture wadda ta riga ta zauna a bakin 'yan siyasa. Ina ganin ya yi gaskiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne 'yanci. Rahoton 1991 ya jera ƙasashe bisa 'yancin jama'arsu, gwamnatoci da dama suka tayar da jijiyar wuya, ba a jima ba aka daina. A 2010 an ƙara ma'aunin da ke rage wa ƙasa maki saboda giɓin da ke tsakanin masu hali da marasa shi, wanda ya taɓo batun adalci. Amma har yau ƙasa tana iya ɗaure masu sukar gwamnati, kuma sunanta ya fito a saman jadawalin.