Yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku

Yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku, wadda aka fi sani da BBNJ a taƙaice, doka ce ta ƙasa da ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 19 ga Yunin 2023 a Niyok, bayan an kwashe kusan shekara ashirin ana ja-in-ja a kanta. Wata jami'a 'yar Singafo, Rena Lee, ita ta jagoranci zaman tattaunawar. Sharaɗin da anka gindaya shi ne sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita a hukumance, an cika wannan adadi a Satumban 2025, ta fara aiki ranar 17 ga Janairun 2026.

Asalin maganar tana komawa ga babbar dokar teku da anka sa wa hannu a 1982 a Jamaika, ta fara aiki a 1994. Ita ta raba ruwan: daga gaɓa zuwa mil 12 na teku mallakar ƙasa ne kai tsaye, zuwa mil 200 kuma, wajen kilomita 370 ke nan, kifi da mai da duk arzikin da ke ciki na wannan ƙasar ne. To abin da ya wuce nan fa? Shi ne tsakiyar teku, kusan kashi biyu bisa uku na tekun duniya gaba ɗaya, ba na kowa ba ne, kuma a aikace mai babban jirgi shi ke cin moriyarsa, abin da ke ƙarƙashin kariya ta sosai a wurin bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Mutumin Argungu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kogin Matan Fada da ke garin ana hana kamun kifi a cikinsa sai lokacin bikin kamun kifi, Sarkin Ruwa da mutanensa na sa ido, shi ya sa ranar da anka buɗe kake ganin masu homa da gora suna fitowa da giwan ruwa da sai an kama wa mutum. Abin da yarjejeniyar ta kawo ke nan a tsakiyar teku, hanyar da ƙasashe za su taru su ware wani yanki su ce nan a sarara masa. Wannan na cikin burin da anka ɗauka a Kanada a 2022 na kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030. Sannan duk mai son yin babban aiki a can sai ya binciki illar da zai jawo wa muhalli tukuna.

Inda anka fi tayar da jijiyar wuya shi ne kuɗi. A ƙarƙashin teku akwai ƙananan halittu da ake ciro sinadaran magani da na kwalliya daga jikinsu, kamfanonin ƙasashe ƙalilan ke da jiragen bincike da ɗakunan gwaji, su ke yin rajistar abin da sunka gano su sayar. Ƙasashen Afirka da sauran masu tasowa sunka tsaya kan cewa wannan gadon 'yan adam ne duka, dole a raba amfani, a kuma koya musu aikin a ba su kayan aiki. An rubuta haka ɗin, amma nawa za a bayar da yaushe, wannan an bar shi sai gaba, kuma a nan nake da shakku gaskiya.

Wani zai ce ina ruwan Bakabe da teku. Ai ruwan damina da manomin shinkafa na Suru ko Yawuri ke jira, iskar da ke taso shi daga tekun Atilantika take ɗauko danshi, kuma masana sun danganta farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sauyin ɗumin ruwan teku. Teku ke shanye sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu ke tarawa, da wajen kwata na iskar kabon da muke fitarwa, hakan na sa ruwan ƙara tsami, kifi na ƙaura. Kifin ƙanƙara da ake saukewa katan-katan a kasuwar Birnin Kebbi ma daga teku yake. Kogin Kwara kuwa da ya ratsa Yawuri can yake ƙarewa, da ledojinmu da komai.

Yarjejeniyar ba ita kaɗai ke aiki ba. Haƙar ma'adinai a ƙasan teku na hannun wata hukuma da ke Kingiston a Jamaika, kamun kifi kuma na hannun hukumomin yankuna, kuma an ce kar sabuwar dokar ta taka musu hurumi. Kotun dokar teku da ke Hambog a Jamus ta ba da fatawa a Mayun 2024 cewa hayaƙin da ke ɗumama duniya gurɓata teku ne. Amurka ta sa hannu a BBNJ a 2023, ita da har yau ba ta tabbatar da dokar 1982 ba. Babu kuma wasu 'yan sandan teku da za su riƙa sintiri, kowace ƙasa ita ke da alhakin tsawata wa jiragen da ke ɗauke da tutarta, alhali masu jirage da yawa na zuwa su yi rajista a inda ba a cika tambaya ba.