Me Bahaushe Ke Nufi Idan Ya Ce "Rikici"?

Tambaya: Mece ce ainihin ma'anar kalmar?

Amsa: Tushenta ɗaya da "rikita" da "rikice". Duk abin da yake a tsare, sai ya cakuɗe har a rasa kansa da gindinsa, to ya rikice. Lissafin ɗan kasuwa kan rikice, mutum ma kan rikice idan ya firgita.

Tambaya: Ke nan ba dole sai an yi faɗa ba?

Amsa: Ko kaɗan. Uwa za ta ce jaririnta ya kwana yana rikici, alhali haƙori ne ke fito masa. Dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa, sai a ce rikicin tsufa ne, kuma cikin tausayi ake faɗa. Akwai rikicin gado, akwai ɗan rikici, wanda ba a rabuwa da shi lafiya. Shi ya sa ake cewa rikicin duniya da mai rai ake yi.

Tambaya: Ina bambancinsa da ruɗani da hargitsi da yamutsi?

Amsa: Ruɗani a cikin kai yake. Hargitsi ido ke ganinsa, kamar ɗaki ko gashin da bai ga mataji ba. Yamutsi kuwa na taro ne: wani ya kwarma ihun "ɓarawo" a kasuwar Farin Gada da ke Jos, jama'a su dare.

Tambaya: Me ya sa kalmar ta fi nauyi a bakin mutanen Jos?

Amsa: Saboda abin da idonmu ya gani. Ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001, gari ya kama da wuta. Aka sake yi a Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sannan a Janairu 2010. Rayuka suka salwanta, maƙwabtan shekara da shekaru suka raba unguwa. Har yau za ka ji dattijo na cewa "kafin rikici muna zaune a can", ba wanda zai tambaye shi wanne.

Don haka nake roƙon matasanmu: idan cacar baki ce tsakanin 'yan Keke Napep, ku ce hayaniya ce. Da zarar ka tura saƙon WhatsApp cewa "ana rikici a Terminus", wato cibiyar kasuwanci da ke tsakiyar Jos, kafin ka mayar da waya aljihu an fara rufe shaguna, iyaye mata sun bazama makarantu neman 'ya'yansu, wata ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.