Tsohuwar Kyamarar Fim ta Gado

Tsohuwar kyamarar fim ita ce na'urar ɗaukar hoto da ke aiki da fim mai sinadarin azurfa, wadda sai an wanke fim ɗin a cikin duhu kafin hoto ya fito. A Legas, har da unguwannin da Hausawa suka daɗe da zama kamar Agege, Idi-Araba da Obalende, irin wannan kyamara takan fito ne daga cikin akwati a lokacin rabon gado, inda magada kan rasa yadda za su yi mata kima.

Tarihi

Kamfanin Kodak na George Eastman ne ya kai kyamara hannun talaka, da ƙirarsa ta 1888 da kuma Brownie ta 1900. A 1925 aka fitar da Leica a Jamus bisa aikin Oskar Barnack, ita ce ta yaɗa fim mai faɗin milimita 35, wanda kowane hotonsa ke da girman milimita 24 da 36. Rolleiflex mai ido biyu (ido shi ne gilashin gaba da haske ke bi ya shiga kyamara) ta biyo baya a 1929, ƙirarta ta baya tana cin faffaɗan fim da ake kira na 120 tana fitar da hoto murabba'i, kuma masu situdiyo sun so ta ƙwarai saboda girman nagatif ɗinta, wato wankakken fim da ake buga hoto daga gare shi. Daga baya kasuwar ta koma hannun Japan: Nikon F a 1959, Pentax Spotmatic a 1964, sai Canon AE-1 da Pentax K1000 a 1976. Tarayyar Sobiyet kuma ta yi ta fitar da Zenit mai araha tare da idonta Helios-44.

Sana'ar hoto ta riga duk waɗannan zuwa Legas. George Da Costa ya buɗe situdiyonsa a birnin wajen 1895, a zamanin da Jonathan Adagogo Green ke aiki a Bonny. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rayu daga 1930 zuwa 2014, ya fara ne da Brownie a 1950, kuma daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya da suka yi masa suna a duniya. Peter Obe ya yi fice a jaridar Daily Times. Zuwan kyamarar dijital ne ya durƙusar da harkar: an daina yin fim na Kodachrome a 2009, kuma Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar jari a 2012.

Lalacewa da gyara

Babban abokin gabar kyamara a Legas shi ne danshi. Fumfuna kan tsiro a cikin idon kyamara kamar saƙar gizo-gizo, kuma idan ta daɗe takan cinye siririn rufin da ke kan gilashin, ta bar tabon da gogewa ba ta cirewa. Ana gano ta ne ta hanyar haska tocila ta cikin idon. Soson da ke tare haske a bakin murfin baya yakan narke ya zama danƙo, amma sauya shi aiki ne mai sauƙi. Man da ke cikin injin yakan daskare, sai labulen da ke buɗe wa haske hanya ya riƙa jinkiri, musamman a saurin daƙiƙa ɗaya. Tilasta wa hannun naɗe fim idan ya cije yana karya haƙoran ciki, kuma ɗiga man keken ɗinki a ciki ɓarna ce.

Batir ma matsala ne. Ma'aunin haske na kyamarori da yawa an yi shi ne don batirin makuri mai bolt 1.35, wanda aka daina yi. Na yanzu mai bolt 1.5 yana sa ma'aunin ya yi ƙarya, shi ya sa wasu ke amfani da batirin na'urar taimaka wa ji. Kyamarar da injinta ba ya buƙatar lantarki, irin K1000, ta fi karɓar gyara bisa mai lantarki, domin kayan gyaranta kan fito daga wata matacciyar 'yar'uwarta.

Kima

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Brownie da Zenit an yi su da ɗimbin yawa, don haka kuɗinsu kaɗan ne, alhali Leica da Rolleiflex masu lafiya suna da daraja. Ana duba ƙira, lambar jiki, lafiyar gilashi da cikar kaya, sannan a kwatanta da farashin da aka sayar da irinta, ba wanda mai kaya ya yanka ba. Sau da yawa idon ya fi jikin kyamarar kuɗi, abin da ya kamata magada su sani kafin a raba. Masu tara kayan tarihi sun saɓa kan sabunta fenti, mafi yawansu sun fi son na asali.

Amfani a yau

Har yanzu kamfanonin Kodak da Ilford suna yin fim na 35 da na 120. Tsofaffin idanu masu mahaɗin M42 ko Nikon F ko Canon FD suna hawa kan kyamarar dijital marar madubi ta hanyar adafta, wato zoben da ke haɗa su, sai dai da hannu ake saita su. Ajiyar tsofaffin kyamarori da idanunsu tana buƙatar akwati mai rufuwa da ƙullin sinadarin tsotse danshi, nesa da jakar fata.