Katin Asibitinki: Wa Zai Gani, Wa Za Ki Iya Hanawa?

Wata ranar Talata, ranar awon ciki, wata yarinya da ba ta haura shekara 20 ba ta shigo ɗakina, uwar mijinta na biye da ita riƙe da jaka. Duk tambayar da na jefa, Hajiya ce ke cafewa. Yaushe rabonki da al'ada? Hajiya ta amsa. Kin taɓa yin ɓari? Hajiya ta ce a'a. Ita kuwa yarinyar kanta na sunkuye, sai murza bakin hijabi take yi. Na ce, "Hajiya, don Allah a ɗan ba mu wuri, zan duba ta a kan gado." Ta fita ba da son ranta ba. Ƙofa na rufuwa yarinyar ta riƙo hannuna, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malama, in na faɗa miki wata magana, za ki rubuta a katin nan? Don katin a ɗakin Hajiya yake kwana."

Abin da ta faɗa mini ya zauna a cikina, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da zan iya cewa shi ne maganar ta sauya yadda muka kula da cikin nan har ta sauka lafiya. Da Hajiya ba ta fita ba, da na sallame ta da maganin ƙarin jini kawai, na ce ta dawo wata mai zuwa.

Na daɗe ina aikin lafiya a matakin farko, kuma na lura ba kuɗin magani kaɗai ke hana mutane zuwa asibiti ba. Akwai tsoron tonon asiri. Magidanci na tari wata da watanni, ya gwammace ya yi ta sayen maganin tari a kemis da ya zo a gwada majinarsa, don ɗan maƙwabcinsa ne ke aiki a ɗakin gwaji. Mace na son tazarar haihuwa, sai ta tsallake asibitin unguwarsu ta hau adaidaita zuwa inda ba wanda ya san ta. Mai farfaɗiya, mai yoyon fitsari, mai ciwon sanyi, wanda damuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, duk da wannan fargabar suke kwana. Kuma ban ga laifinsu ba. Magana zarar bunu ce. A garuruwanmu, kalma ɗaya da ta suɓuce daga bakin ma'aikaci tana iya kashe aure, ta sa a fasa baiko, ta kori masu ciniki daga gaban mai sayar da abinci.

Mutane da yawa na ɗaukar rufin asirin majinyaci a matsayin kirkin ma'aikaci, in ya ga dama ya yi. Ba haka ba ne, doka ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk wani bayani a kan mai jinya sirri ne: ciwon da ke damunsa, maganin da aka yi masa, kai har kwanciyarsa a asibitin. Ba a fitar da shi sai mutum ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta tilasta, ko iyaye sun nema a madadin ƙaramin yaro, ko waliyyi a madadin wanda ba ya cikin halin yanke wa kansa shawara, ko kuwa ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. A duba da kyau, babu miji a jerin nan, babu uwar miji, babu maigidan wurin aiki, babu mai unguwa. Mace baliga mai hankalinta ita ke da ikon cewa a faɗa wa wane, kada a faɗa wa wane. Haka shi ma namiji.

A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC. Dokar ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta wa tsaro. Ta ba ka damar tambayar abin da aka ajiye a kanka da wanda aka ba, ka sa a gyara kuskure, ka ƙi amincewa da wani amfani da ake yi da bayananka, ka kuma janye yardar da ka bayar a baya. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne, ba ta ɗauki shiru a matsayin amincewa ba. Mu nan mun saba, in ma'aikaci ya miƙo takarda ya ce "dangwala nan", sai a dangwala don kunya ko don layi ya yi tsawo. Wannan ba yarda ba ce.

To ina ne bayanan naka ke zuwa bayan ka bar gaban tebur? Wannan ne mutane ba su sani ba, mu ma ba mu cika bayyanawa ba.

Kashi na farko yana yawo ne tsakanin masu yi maka magani: daga ɗakin kati zuwa likita ko malamar jinya, zuwa ɗakin gwaji, zuwa wurin karɓar magani, in ciwo ya fi ƙarfinmu kuma mu rubuta takardar tura ka babban asibiti. Doka ta yarda da wannan matuƙar don amfanin majinyacin ne. Ina roƙon jama'a, kada a toshe wannan hanyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, ta ɓoye wa ungozoma don kada a sake tura ta babban asibiti, sai da naƙuda ta yi nisa aka ga tabon. Allah ya kiyaye, amma da ƙyar aka kai ta a kan lokaci. Wanda wani magani ke tayar wa da borin jini, mai sikila, mai shan maganin hawan jini ko na cuta mai karya garkuwar jiki, in ya ɓoye wa mai duba shi, kansa ya cuta.

Akwai kuma rahoton da muke aikawa ƙaramar hukuma duk ƙarshen wata. Wannan ƙidaya ce zalla: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa aka samu da zazzaɓin cizon sauro. Babu sunan kowa a ciki, kuma da shi ake lissafin maganin da za a turo mana.

Inda suna ke fita ba tare da an jira izininka ba shi ne cututtukan annoba, irin su amai da gudawa, sanƙarau, ƙyanda, mashaƙo, zazzaɓin Lassa da shan inna. Dole mu sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, kuma za a iya zuwa gida a duba waɗanda suka yi cuɗanya da mara lafiyar. A nan ba ka da zaɓin cewa a'a, don rayukan maƙwabta ma na ciki. Duk da haka, jami'i aka ce a sanar, ba majalisar bakin titi ba. Idan kuma kana ƙarƙashin inshorar lafiya, asibiti na tura wa masu biya bayanin aikin da aka yi maka don a biya shi. Kana da damar tambayar me da me aka tura.

Sauran duk da yardarka suke tafiya, kuma nan ne nake son mu koyi cewa "ban yarda ba" ba tare da jin nauyi ba. Masu bincike kan zo da takardun tambayoyi ko su nemi ɗibar jini. Ƙungiyoyi kan zo da kwamfutar hannu suna ɗaukar suna, lambar waya, hoto, wani lokaci har da zanen yatsa. Akwai shirye-shiryen da ke turo saƙon tuni ta waya, ko su aiko mutum gida in ka saɓa ranar karɓar magani. Yawancinsu alheri suke nufi, ni kaina na yi aiki da irinsu kuma na ga amfaninsu. Amma saƙon "lokacin karɓar maganinki ya yi" in ya faɗo a wayar da mutum uku ke amfani da ita a gida ɗaya, ya gama tona asiri. Mai babur ɗin asibiti in ya faka a ƙofar gida, kafin la'asar duk layin sun fara tambaya. Don haka ki ce, "Kada a kira wannan lambar, ga wadda za a kira." Ka ce, "Kada a zo mini gida, zan riƙa zuwa da ƙafata." Sashe na 28 na Dokar Lafiya ya ce ba a buɗe fayil ɗin mutum don bincike ko koyarwa sai da izininsa, da na shugaban asibitin, da na kwamitin da ke tantance ɗa'ar bincike, sai fa in an cire duk abin da zai sa a gane ko wane ne. Kuma ƙin shiga bincike ba ya rage maka komai a maganin da ya kamata a ba ka. Duk wanda ya ce "in ba ki sa hannu ba ba za a duba ki ba", alhali takardar ta bincike ce, ya saɓa ƙa'ida.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan muhimmancin wannan. Ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 a gwajin maganin Trovan, ya ba kusan rabinsu maganin, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko iyayen sun san abin da suka amince da shi. Tabon wannan lamari na cikin abin da ya wahalar da mu a aikin rigakafin shan inna daga baya. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ɗari-ɗarin ba. A Ingila an soke wani shirin tattara bayanan majinyata mai suna care.data a 2016 bayan ƙorafin cewa ba a yi wa jama'a bayani ba. A Ostireliya, sama da mutum miliyan 2.5 suka ce a cire su daga kundin lafiya na intanet kafin wa'adin ya cika a farkon 2019. Yanzu da manyan asibitocinmu ke komawa ajiye fayil a kwamfuta, mu ma lokaci ya yi da za mu riƙa tambaya: wa ke iya buɗe nawa, kuma in ya buɗe, ana sanin shi ne?

Maganar aure ita ce ta fi ɗaure kai. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, da ta haɗa da cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Ina goyon bayan gwajin nan ɗari bisa ɗari, don na ga wahalar yaran da aka haifa da sikila. Sai dai sakamakon na masu auren ne. A zaunar da kowannensu a yi masa bayani a keɓe, sannan a haɗa su in sun amince. Bai dace kawu ko wakilin ango ya karɓi takardar ya buɗe a zaure ba. In an fasa, a ce Allah bai yi ba, ya wadatar. Dokar hana tsangwamar masu cuta mai karya garkuwar jiki ta 2014 ta hana bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba, ta kuma hana a gindaya gwajin a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Amma ga wanda ke ɗauke da cutar da ake ɗauka ta auratayya, zan faɗi gaskiya: rufin asirin da doka ta ba ka ba lasisin cutar da matarka ko mijinki ba ne. In bakin ya yi nauyi, zo mu zauna mu uku, mu taya ka faɗa. Mun sha yin haka, kuma sau da yawa abin kan zo da sauƙi fiye da yadda ake tsoro.

'Yan uwana ma'aikata, mu ma sai mun duba kanmu, don mafi yawan asirin da ke fita ba ɓarayin intanet ke sace shi ba. Daga bakinmu yake fita. Mu ne ke ɗaga murya ta taga, "Wace ce mai allurar wata uku?" alhali benci cike yake da maƙwabtanta. Mu ne ke barin rajista a buɗe mu tafi salla. Mu ne ke ɗaukar hoton rauni ko na sakamakon gwaji mu tura zauren WhatsApp da sunan neman shawara, ga suna ɓaro-ɓaro a sama. Wata safiya na sayi ƙosai a kan hanyata ta zuwa aiki, ina buɗe ƙunshin sai na ga takardar gwajin wata baiwar Allah ce, sunanta, shekarunta, unguwarsu da sakamakon duk suna nan, mai ya jiƙa rabi. Na kasa cin ƙosan nan. Wani ne ya share ofis ya sayar da tsofaffin takardu a kilo, bai san amanar wa ya sayar ba. Tun daga ranar, duk takardar da ta ƙare aiki a wurinmu ƙona ta muke yi, ina tsaye. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa asiri duniya da lahira, kuma kowane majinyaci, ko mene ne addininsa, amana ce a hannunmu.

In an tona maka asiri, kada ka haɗiye ka ce ka bar wa Allah kawai, don gobe wani za a yi wa. Fara da shugaban asibitin, ka faɗi ranar da abin ya faru da abin da aka faɗa. In ƙaramin asibiti ne, akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Likitoci, malaman jinya da ungozomomi, da mu jami'an lafiyar al'umma, kowa na da hukumar da ta ba shi lasisi kuma take iya ladabtar da shi. In ta kwamfuta ko waya bayanan suka fita, hukumar NDPC na karɓar ƙorafi.

Ita kuwa yarinyar nan, abin da muka yi mai sauƙi ne. Katin da ke komawa gida na rubuta masa awo, nauyi, hawan jini da ranar dawowa. Sauran bayanin ya zauna a fayil ɗinta da ke kulle a kabad ɗinmu, da sharaɗin duk inda naƙuda ta kama ta, za ta faɗa wa ungozoma da bakinta ko ta ce a kira ni. Na ba ta lambata ta haddace. Da na buɗe ƙofa na ce, "Hajiya, bismillah, shigo. A riƙa ba ta ganye da wake, a kuma dawo da ita bayan mako 4." Hajiya ta karɓi katin, ta duba gaba da baya, ta jefa a jaka.