Sakacin likita: abin da doka ta tanada kafin a nemi lauya a Legas

Maganganu biyu ne suke yawo a tsakanin Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 duk lokacin da aka rasa mai haihuwa ko tiyata ta ɓaci. Wasu sukan ce ba a kai likita ƙara a Najeriya, wasu kuma su ce duk wanda ya rasu a asibiti wajibi ne a biya diyyarsa. Dukansu ba haka doka ta ce ba.

Kotu ba ta hukunta likita don kawai mara lafiya ya rasu. Sai mai ƙara ya nuna cewa likitan ya kauce wa abin da ƙwararren likita irinsa zai yi a wannan hali, kuma kaucewar ce ta jawo illar, kamar a manta auduga a cikin mutum bayan tiyata, ko a ƙara masa jinin da bai dace da nasa ba. Galibi sai an samu wani likita ya ba da shaida, abin da ba kowane likita yake son yi a kan abokin aikinsa ba. Haka nan, kai kuka gaban MDCN, hukumar da ke kula da likitoci, ba ya kawo kuɗi, domin kotun ladabtarwarta gargaɗi take yi, ko dakatarwa, ko soke sunan likita daga rajista. Diyya kuwa a Babbar Kotu ake nemanta.

Inda jama'a suka fi yin asara shi ne wa'adi. A dokar Jihar Legas, shekara 3 ake da ita don shigar da ƙarar rauni da sakaci ya jawo. Amma idan asibitin na gwamnatin tarayya ne, lauyoyinsa sukan fake da dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ba da wata 3 kacal. Akwai yanayin da kotuna suke sassautawa, sai dai ba abin dogaro ba ne. A ganina wannan wa'adi ya yi tsauri ƙwarai, tunda matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, wato kafin ta fita lokacin ya riga ya wuce. Saboda haka ya kamata wani daga cikin dangi ya ga lauya tun ana zaman makoki.

Wajen zaɓen lauya, a tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yin shari'ar sakacin asibiti, da kuma likitan da zai duba masa takardun, domin wanda ya ƙware a rikicin filaye ba lallai ya iya karanta fayil ɗin mara lafiya ba. A tabbata yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA, a kuma guji 'yan kamashon da ke tare mutane a bakin asibiti. Ƙa'idar aikin lauya ta yarda a yi yarjejeniyar cewa sai an ci shari'a zai ɗauki kasonsa, amma a rubuta kason, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin shigar da ƙara da na likitan shaida. Wanda ba shi da hali yana iya zuwa OPD, ofishin lauyoyin kyauta na gwamnatin Legas.

Kafin duk wannan, a nemi kwafin fayil a rubuce, a adana rasit da takardun gwaji da kwalayen magani. Idan rasuwa ce, a sani cewa binne mamaci ba tare da binciken gawa ba yakan sa tabbatar da musabbabin mutuwa ya yi wuya, don haka iyali su yanke shawara kan wannan kafin jana'iza.