Ƙungiyoyin haziƙan ɗalibai a Amurka: ya malami zai koya musu shugabanci?

Wai wace irin ƙungiya ce wannan ma tukuna?

Ƙungiya ce ta ɗaliban da suka yi zarra a karatu, kuma ba shiga ake yi haka kawai ba, gayyatarka ake yi. Wadda ta fi daɗewa ita ce Phi Beta Kappa da aka kafa a 1776 a Kwalejin William da Mary ta jihar Bajiniya. Injiniyoyi na da tasu Tau Beta Pi tun 1885, sai Phi Theta Kappa da ta fara a Mizuri a 1918, ita ta kwalejojin shekara biyu ce kuma yawanci sai makinka ya kai 3.5 cikin 4.0 (su da 4 suke lissafi, ba 5 irin na yawancin jami'o'in Najeriya ba). Reshen ƙungiyar da ke kowace makaranta yawanci yana da malami ko ma'aikaci da makarantar ta ɗora a kai, kamar dai abin da mu ke kira uban ƙungiya.

Yaran da ke da wannan maki har sai an koya musu shugabanci?

Ai su ne ma suka fi buƙata. Cin jarabawa aikin mutum ɗaya ne, kai da littafinka da fitilarka, shi kuwa shugabanci da mutane ake yi, su kuma mutane sai haƙuri. Yaron da bai saba faɗuwa ba tsoron kuskure yake kamar me, shi ya sa za ka ga shugabar reshe ta raba aiki a mitin, kowa ya ce to, amma ƙarfe biyun dare tana gaban laftof ita ce ke zana fosta, ita ce ke rubuta wasiƙar neman ɗakin taro, ita ce ke lissafin kuɗin fiza, wai don kar wani ya ɓata mata. Kafin ƙarshen samista ta gaji liƙis, sauran kuma sun zama 'yan kallo. Malamin da ya san aikinsa nan zai kama, ya zaunar da ita ya ce a cikin ukun nan wanne za ki sakar wa wani, ko da bai yi kyau kamar naki ba?

To a aikace me malamin zai yi?

Gaskiya rabin aikin kame baki ne, kuma yana da wuya ga malami don mun saba mu ne masu magana. A mitin ya koma kujerar baya. In aka yi tambaya duk suka juyo suna kallonsa, shi ma ya juya ya kalli shugaban, shirun zai yi nauyi na ɗan lokaci amma dole wani ya buɗe baki. Gyaransa ya ajiye sai sun keɓe da shugabannin, kafin mitin a duba ajanda tare, bayan mitin ya tambaya wa ya yi magana, wa bai ce uffan ba, me ya sa.

Sannan ya ba su aiki na gaske mai kuɗi da wa'adi. Phi Theta Kappa na da tsari mai kyau a nan, shugabannin reshe ne ke zama da hukumar kwaleji su amince a kan wani aiki da zai amfani makarantar, su kuma aiwatar. Malami ya nema musu lokacin ganawa, ya sa su gwada abin da za su faɗa a gabansa, amma ranar su za su yi magana. Ɗan shekara 19 da ya taɓa zama gaban shugaban kwaleji ya kare kasafin kuɗi, murya na rawa, ya koyi abin da laccar awa uku ba za ta ba shi ba.

In ya hango za su kwafsa, shiru zai yi?

Ya danganta da kwafsawar. In taro ne suka sa a makon jarabawa, ya faɗa sau ɗaya, in sun ƙi ya bar su, mutum shida su zo, fiza ta yi kwantai, gobe ba sai an gaya musu ba. Amma kuɗin ƙungiya, ko lafiyar wani, ko dokar makaranta, ko a ware wani ana cin mutuncinsa, nan kam ba sa ido, dole ya tsoma baki nan take.

Kwalejin shekara biyu fa, ai kafin su iya sun tafi?

Nan gizo ke saƙar. Ɗalibi sai ya yi samista ko biyu kafin a gayyace shi, ya zama shugaba, kafin ka ankara ya koma jami'a, ga shi da yawansu suna aiki wasu ma da iyali. Don haka malami ya sa ido tun ranar rantsar da sababbi, ya lura da wadda ta tsaya tattara kujeru ba wanda ya sa ta, ya ba ta ƙaramin kwamiti. A yi zaɓe da wuri yadda tsofaffi da sababbi za su yi 'yan makonni tare, kuma kowane mai muƙami ya bar bayani a rubuce: lambar sirrin imel, wanda ake gani in ana son ɗaki, abin da aka gwada bara bai yi ba.

Ɗanmu da ke karatu can ya samu imel ɗin gayyata, ya biya?

Ya fara tambaya ko akwai reshe a makarantarsa da sunan malamin da ke kula da shi, don akwai masu turo gayyata kuɗin rajista kawai suke so. In akwai reshen, ya leƙa mitin ɗaya tukuna ya ga wa ke jan zaman, ɗalibai ne ko malamin.