Mai jinya ita ma tana buƙatar a duba ta

A zagayen duba lafiya da muke yi gida-gida, mukan tarar da yaro ɗan shekara takwas ko tara wanda ba ya iya zama balle tafiya, kuma sau da yawa asalin lalurarsa doguwar naƙuda ce, ko shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko sanƙarau da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya shigo gidan yakan ce, "Sannu, ya mai jiki?" Da wuya ka ji an tambayi mahaifiyarsa yadda ta kwana, alhali ita ke ɗaukarsa zuwa banɗaki, ita ke ba shi kunu cokali-cokali don kada ya ƙware, ita ke tashi cikin dare ta juya shi saboda gudun gyambon kwanciya.

Na taɓa auna wata uwa irin wannan na sami jininta ya hau sosai. Ta shekara uku rabonta da gidan biki ko suna, ta kuma ajiye kaskon ƙosan da take samun na cefane da shi. Da na ce, "Baiwar Allah, me ya fi damunki?" ba ciwon baya ta ambata ba, sai maganar dangin miji cewa ɗan ruwa ta haifa. Wannan zance ba shi da tushe. Rauni ne ƙwaƙwalwar yaron ta samu, ba laifin uwa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta hanyar cuɗanya.

Idan mai jinya ta daina samun barci, ta rage cin abinci, tana yawan fushi ko kuka ita kaɗai, to gajiyar ta fara zama ciwo, kuma a kai ta asibiti a duba ta. Kada a rufe mata baki da "yi haƙuri" kawai, domin neman magani ba raunin imani ba ne.

A ganina, abin da ya fi sauƙaƙa wa iyali shi ne a raba aikin a fili, kowa ya san ranarsa. Maigida ya ɗauki nauyin kai yaron gashin ƙashi, goggo ko inna ta karɓi yini guda a mako, don uwar ta yi barci ta ziyarci 'yan'uwanta. Sai dai kada a cire babbar 'ya daga makaranta a mayar da ita 'yar raino, abin da muke yawan gani.

Tun watan Janairun 2019 Najeriya take da dokar da ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, don haka ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki tauye masa haƙƙi ne. A fito da shi tsakar gida ya sha iska cikin 'yan'uwansa. Wanda zai ɗaga shi kuwa ya durƙusa da gwiwoyinsa, ya rungumo shi kusa da ƙirji, kada ya sunkuya da baya.